Farauta a Birnin Kano: Tarihin Kalma da Sana'a

Farauta ita ce fita daji neman namun dawa domin a kashe ko a kama. Daga jikin kalmar ake samun aikatau: ya farauci zomo, ya farauce shi, suna farautar gada. Mai yin ta mafarauci ne, jam'i mafarauta, amma a bakin mutanen cikin birnin Kano an fi jin 'yan farauta. Tana da abokiyar tafiya, wato harbi, wadda ta ba da maharbi da maharba, ko mahalbi da mahalba a bakin Sakkwatawa da Katsinawa. Wanda bai san dawa ba yakan ɗauka abu ɗaya ne, amma masu abin ba sa haɗa su. Maharbi mai sana'a ne, yawanci gadonta ya yi, yana shiga daji shi kaɗai ko da ɗansa, da baka da kwari ko bindiga, ya san sawun kowace dabba da lokacin da take zuwa shan ruwa. Farauta kuwa ta taron jama'a ce, ta karnuka da gora da kiɗa da ihu, kuma mafi yawan masu zuwanta suna da wata sana'ar da suke ci da ita: mahauta ne, maƙera, marina, 'yan dako, manoma. Kamun kifi bai shiga ko ɗaya ba. Shi su ne, na masunta, da Sarkin Ruwansa daban.

Ba kowane harshe ne ke yin wannan rarrabewa ba. Larabci ya tara farautar tudu da kamun kifi a kalma guda, saidu. Haka ma kalmar da ta fi shahara a wannan fage a Indiya da Pakistan da Bangaladash, wato shikar. Asalinta Farisanci ne, daga can ta shiga Urdu da Hindi da Panjabi da Bangali. Tana nufin fita farauta, tana nufin kamun kifi da na tsuntsu, tana kuma nufin ita kanta dabbar da aka kashe. Daga nan ma'anarta ta kai ga mutum: wanda cuta ta kama, ko aka damfara, ko haɗari ya rutsa da shi, sai a ce ya zama shikar ɗin wannan abu. Mafarauci shi ne shikari, dajin da sarki ya keɓe wa kansa shikargah, shugaban mafarautan fada kuma mir shikar. Hausa na da makamancin wannan a wata kalmar daban, nama. Abin da ke cikin tukunya nama ne, barewar da ke kiwo a dawa ita ma nama ce tun tana da rai, shi ya sa namun daji ya zama sunan dabbobin dawa gaba ɗaya, har da waɗanda ba a ci.

Fada ce ta ɗaukaka shikar. Sarakunan Mugal sun mai da ita wani reshe na mulki. Akbar, wanda ya yi sarauta daga 1556 zuwa 1605, yakan sa dubban mutane su yi wa daji ƙawanya, suna matsowa a hankali har namun su taru a fili ɗaya, sannan sarki ya shiga ya fara, manyan fada su biyo baya bisa matsayinsu. An yi irin wannan kusa da Lahor a 1567. Yana kuma kiwon rabbi, dabbar nan mai gudun tsiya da Turawa ke kira cita, har kimanin 1,000 a lokaci guda, ana horar da su kamun barewa. Ɗansa Jahangir ya sa aka ƙirga masa abin da ya kashe da hannunsa tun yana ɗan shekara 12, aka sami 17,167. Da Ingilishi suka karɓe ƙasar sai suka gaji kalmar da al'adar tare. A Disamba 1911 Sarkin Ingila George na Biyar ya je shikar a Nefal, a kan giwaye, shi da ayarinsa suka kashe damisar Indiya 39 da karkanda 18 cikin kwana goma. Shikari ɗan ƙasa, wanda shi ya san dajin, ya koma mai bin sawu da riƙe wa Bature bindiga.

A Kano abin ya bi wata hanya. Littafin tarihin sarakunan birnin, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma buga Hausarsa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da mafarauci ya buɗe. Barbushe, daga zuriyar Dala, an siffanta shi da baƙin ƙato mai ƙarfi wanda ke kashe giwa da sandarsa, ya ɗauko ta a ka ya yi tafiyar mil tara da ita. Ba mai karɓar wannan a matsayin lissafi, amma ya nuna abin da mutanen wancan zamani suke auna shugaba da shi. Barbushe ne kuma mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wurin, shi kaɗai ke shiga wurinta, ya fito ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Sanin daji da sanin iskoki a hannu ɗaya suke, kuma haka suka ci gaba da zama a hannun maharba ƙarnuka da yawa bayan an rushe wurin bautar a zamanin Sarki Tsamiya, cikin ƙarni na 14.

Labaran baka na garuruwan maƙwabta ma da maharbi suke farawa. Haɗeja tana danganta sunanta ga Haɗe da matarsa Jiya, Dutse tana ambaton Duna Magu da ya sami wurin cike da gada, Kazaure ma tana da nata maharbin. Mai bin nama shi ke fara sanin inda ruwa ba ya ƙafewa da rani, kuma bukkar da ya kafa don shanya nama ita kan zama gida na farko.

Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a farkon ƙarni na 12, aka yi ta faɗaɗawa har bayan zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta kewaye gonaki da fadama da kududdufai da duwatsun Dala da Gwauron Dutse tare da gidaje. Kasuwar da Rumfa ya kafa har yau sunanta Kurmi, domin a kurmin Jakara aka share wuri aka kafa ta. Ko a 1824, da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya zo, ya ga gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, ya kuma ga agwagin ruwa da gauraka da ungulaye a fadamar da ta ratsa gari. Yaron birni na wancan lokaci ba ya buƙatar fita ƙofa kafin ya koyi ɗana tarko ko jifan kurciya da majajjawa. Babban nama kuwa tun da wuri ya ja baya, domin ƙasar da ke kewaye da birnin cike take da jama'a, nomammiya ce ƙwarai. Mai neman gwanki ko ɓauna sai ya nausa kudu, wajen dazuzzukan Rano da Tudun Wada da iyakar Ningi da Zazzau.

Zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) bai hana farauta ba, ya dai sa mata ƙa'ida. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya halatta abin da horarriyar dabba ta kamo in an ambaci sunan Allah, ya kuma hana farautar tudu ga mai harami. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, waɗanda ake karantawa a zaurukan Madabo da sauran unguwannin malamai, sun yi bayanin hukunce-hukuncen, kuma sun shafi ɗan farautar Kano kai tsaye. Kare sai horarre, kuma sai mai shi ne ya sake shi da niyya da bisimilla. Abin da gora ta buge ya mutu, ko ya mutu a tarko, mushe ne, sai fa in an riske shi da rai an yanka. Shi ya sa wuƙa ba ta rabuwa da ƙugun ɗan farauta. Da bindiga ta zo an yi saɓani a kan harsashi, har malaman Malikiyya na Fas suka rinjayar da halacci. Hukuncin da ya fi tasiri a kan matsayin sana'ar shi ne wanda Risala ta karhanta farauta don wasa kawai, ta kuma ƙi yarda a ajiye kare a gida sai na kiwo ko na gona ko na farautar neman abinci. Mugal ma Musulmi ne, amma sun gaji al'adar sarakunan Farisa da na Mongol, wadda Kano ba ta gada ba. Garin da malamansa ke karantar da Risala safe da yamma da wuya farauta ta zama abin ado ga manyansa.

Littafin tarihin sarakunan Kano yana yabon sarakuna da yaƙi da kyauta da yawan dawaki da ginin ganuwa, ba a cika jin an yabi wani da yawan namun da ya kashe ba. Wasan sarauta a Kano doki ne: hawa, kilisa, sukuwa. Abin da fada ke so daga daji maharbi ke kawo mata. Figini da takalmin gashin jimina, waɗanda ake danganta farkonsu ga Rumfa, har yau suna cikin kayan Sarkin Kano. Ranar yaƙi kuma 'yan baka ke gaba, maharba su ne jagororin hanya da 'yan leƙen asiri, tun ba a ƙarni na 19 ba, lokacin da mayaƙan Ningi suka addabi kudancin Kano daga cikin duwatsu. Sarautun sana'ar, irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa, a jerin Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera suke, nesa da jerin hakimai. Kasuwa ta fi fada amfana. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 hauren giwa da gashin jimina da jemammun fatu su ne manyan kayan da ayarin Gadamusawa ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus. Fatake da maharba Hausawa ne ke bin giwayen har Adamawa, wajen Banyo da Tibati da Ngaundare, suna harbinsu da sango, gajeren mashi mai dafi da ake cusawa a bakin bindiga a harba. Ita bindigar an kawo ta Kano daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743), amma ta daɗe a hannun bayin sarki kafin ta zama kayan maharbi.

Aikin maharbi na haƙuri ne da shiru. Kibiyarsa ta kyauro ce, ba ta da gashi a gindi, ƙarfinta duk a dafi yake. Ana dafa dafin da 'ya'yan kwankwani, a haɗa da wasu itatuwa da kowane gida ke ɓoye sunansu, a shafa a wuyan kibiya ya bushe. Dabbar da aka harba takan ruga, maharbi ya bi jini da sawu har inda ta faɗi, ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar. Dabarunsa biyu sun shahara. Ɗaya burtu: ya sassaƙa itace kamar kan tsuntsun nan, da dogon wuya da baki, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya shiga ciyawa da rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar tsuntsu na kiwo. Barewa ta saba ganin burtu kusa da ita, ba ta gudunsa, sai dai ta ji kibiya. Ɗayar bago: ya ɗaure 'yan itatuwa a kan bishiya kusa da mashaya, ya hau tun da la'asar, ya kwana a zaune ba tari ba motsi yana jiran abin da ƙishirwa za ta kawo. A Indiya wannan shi ne macan, inda ake ɗaure akuya a ƙasa, mai bindiga ya zauna a sama yana jiran damisa. Maharba suna da kiɗansu, komo, babbar garaya mai tsarkiya biyu. Suna da iskansu a bori, Gajere mai baka. Suna kuma da imanin cewa wasu namun, irin su gwanki, suna da wani abu da kan bi wanda ya kashe su in bai yi shiri ba. Daga nan maharbi ya zama mai magani. Shimfiɗun masu magani a Kurmi, da ƙayar beguwa da ƙahon gada da fatar mesa da kan ungulu a jere, ƙarshen hanyar da ta faro daga bago ne.

Farautar unguwanni ba ta san shiru ba. Lokacinta rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe. Manya su sa rana su ambaci dajin da za a shiga, labari ya zaga ta bakin makaɗa. Da asuba gangi ya tashi, samarin kowace unguwa su fito ta ƙofar da ke kusa da su, na Dala ta Mazugal ko Ƙofar Ruwa, na Yakasai ta Ƙofar Mata, na Mandawari da Gwale ta Na'isa. Shigar kusan iri ɗaya ce: warki ko tsohuwar riga da ta sha rini, layu da kambu a dantse, guru a ƙugu, gora mai kai a hannu, barandami a kafaɗa, da kare ko biyu a igiya, an yanke musu kunne. Kowace ƙungiya daba ce, da babbanta da makaɗinta da inuwar da take sauka. In an isa sai a baje a yi dogon sahu, a tasa daji a gaba ana bugun ciyawa ana ihu. Zomo ya tashi, a saki karnuka, gorori su bi shi ta sama. Abin da ake samu yawanci ƙanana ne, zomo, gafiya, kurege, damo, guza, zabon daji, fakara, in an yi sa'a gada. Akwai ta yini, a dawo da magariba, akwai ta kwana, wadda kan ɗauki mako ko fiye, ana ƙyafe naman a can.

A ƙa'ida nama na wanda ya fara sa masa makami ne, ko wanda karensa ya fara kamawa. A aikace na wanda ya iya riƙe shi ne. Mutum uku su faɗa kan zomo ɗaya, kowa ya ce karensa ne, dabar wannan ta taso, ta wancan ta taso, a kaure, kuma sau da yawa zomon da ake faɗa a kansa ba ya kai gida da siffarsa. In da don nama ake zuwa, da an daɗe da bari, domin guzuri da abincin kare sukan fi abin da ake kawowa. Suna ake nema, a dawo gari da kiɗa, an rataye abin da aka ƙwato, makaɗi na ambaton wanda ya hana a taɓa shi. Nan ne farauta ta haɗu da tauri. Ɗan tauri ya sha magani ya yi wanka da shi don kada ƙarfe ya ci jikinsa, kuma fagen farauta ne inda ake gwada ko maganin ya kama. In makaɗi ya kaɗa takensa sai ya yi tsuma, ya zaro wuƙa yana goga ta a ciki da wuya yana kirari. Kassu Zurmi na ƙasar Zamfara da waƙoƙin irin waɗannan mazaje ya yi suna.

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, kuma akwai cikin manyansu waɗanda suka san shikar tun kafin su san Afirka. Gwamna Lugard kansa a Madras aka haife shi a 1858, a Indiya kuma ya yi farkon aikinsa na soja. Wasu kalmomin can sun biyo su har cikin Hausa. Kaki, yadin soja da 'yan sanda, daga Urdu yake, inda yake nufin launin ƙasa. Darbar, zaman fadar sarakunan Mugal, shi ya zama hawan daba, irin wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925; ba abin da ya haɗa shi da dabar 'yan farauta sai rubutu. Ƙwallon doki ma ta Indiya ya biyo, kuma gidan sarautar Katsina ya karɓe shi hannu biyu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Shikar ba ta sami shiga ba, don babu gurbin da za ta cike. Hausa na da kalmominta, kuma ƙasar Kano ba ta da dajin da za a tara giwaye a yi wa Gwamna biki. Ko finafinan Indiya, da suka mamaye silimun Kano har matasa suka haddace waƙoƙinsu, ba su shigo da ita ba. Abin da ya iso daga tunanin shikar shi ne doka. Bature ya raba farauta gida biyu, ta mai lasisi da bindigar zamani, wadda ya kira wasa, da ta ɗan ƙasa mai dafi da tarko da wuta, wadda ya ɗauka ɓarna ce. Wannan tunani yana cikin yarjejeniyoyin Landan na 1900 da 1933 kan kare namun Afirka, da dokar kare namun daji ta Nijeriya ta 1916, da ta Jihar Arewa ta 1963. An jera namun da ba a taɓawa da waɗanda sai da lasisi, bindiga harba-ka-ruga ma sai da takardar En'e.

Gatari da garma sun fi doka aiki a kan naman ƙasar Kano. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, aka yi ta sare daji ana shukawa, jama'a ta ƙaru, itacen girki ya zama haja. Abin da ya rage sai wuraren da hukuma ta killace. Yankari a Bauchi an keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga masu kallo a 1962. A Kano, dajin Kogin Kano, kimanin kilomita 150 kudu da birni a kan hanyar Jos, shi ya zama Falgore. Gwamna Audu Baƙo ya gina gidan namun daji a farkon shekarun 1970, kuma a can mafi yawan 'yan birni suka fara ganin zaki da giwa, a bayan waya, ranar sallah. Indiya ma a daidai wannan lokaci ta rufe shikar da dokar kare namun daji ta 1972 da shirin ceton damisa na 1973, bayan rabbin da Akbar ke kiwo da dubu ya ƙare ƙaf a ƙasar tun wajen 1952.

Daji ya ja baya amma daba ba ta watse ba. Ƙungiyar samari masu makami, masu shugaba, masu gaba da unguwar maƙwabta, abu ne da siyasa ba za ta bari ya zauna haka ba. A shekarun 1950, da rikici ya yi zafi tsakanin NEPU ta Malam Aminu Kano da NPC, kowane ɓangare ya nemi majiya ƙarfi masu tsare taro da shugabanni, kuma daga cikin 'yan tauri da 'yan farauta aka ɗebo da yawansu. An maimaita haka a Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, musamman bayan PRP ta rabe santsi da taɓo. A hankali 'yan daba ta rabu da daji, ta koma nufin masu sara da suka a lungu, masu shaye-shaye da ƙwace. Dattawan farauta suna ƙin a haɗa su da waɗannan, kuma suna da hujja, domin farauta tana da lokaci, tana da manya da ke raba faɗa. Sai dai gabar da ake ƙullawa a daji ta sha biyo mutane har gida, shi ya sa 'yan sandan Kano suka sha hana kiɗan gangi da yawo da makamai a cikin gari.

Masu fita a yau a mota suke fita. A cika babbar mota da mutane da karnuka, a nufi Falgore ko dajin Ningi da Burra, wasu su wuce Taraba da Neja, wasu har kudancin ƙasar, inda suke yin watanni suna harbi suna sayar da ƙyafaffen nama. Bindigar da maƙera ke ƙerawa da bututun ƙarfe, ana ɗura mata albarushi ta baki, ta zama makamin kowa, ga fitilar goshi don farautar dare. Rashin tsaro ya dawo musu da aikin da suka yi wa sarakuna a da. A 2014 ɗaruruwan maharba sun taru a Maiduguri suna neman izinin shiga Sambisa, wanda shi ma asalinsa gandun namun daji ne, don neman 'yan matan Chibok da aka sace, kuma a ƙarshen shekarar maharba na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi. Shigar da ke sa a gane su a gida ita ke jawo musu zargi a inda ba a san su ba. A ƙarshen Maris 2025 mafarauta 16, yawancinsu 'yan ƙasar Bunkure da maƙwabtanta, suna dawowa daga Jihar Ribas don yin ƙaramar sallah a gida, 'yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigogi, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe su. Gwamnan Edo ya zo ta'aziyya har ƙauyen Torankawa na ƙasar Bunkure.

A bakin mutanen birni, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin gada a guje ba, kalmomin sana'ar suna nan da ransu. Karin magana ya riƙe zomo da kibiya: kowa ya ci zomo ya ci gudu, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, harbi a wutsiya ya fi kuskure. Wanda ya ɓad da kama ya matso da fuskar aminci an ce ya yi shigar burtu. An ɗana wa mutum tarko, an yi masa ƙawanya, an yi masa kwanton ɓauna, duk daga daji aka ɗauko, kuma na ƙarshen daga dabbar aka koya, domin ɓaunar da aka raunata takan koma gefen sawunta ta laɓe ta jira mai bin ta. Harbi ya bazu ko'ina: kunama na harbi, jaki na harbi, cuta na harbin mutum. Farauta kanta ta koma labaran rediyo da jarida, inda 'yan sanda ke farautar wanda ya tsere, ɗan takara ke farautar ƙuri'u, kulob ke farautar ɗan wasa. A nan ta bambanta da shikar ta fuska guda. Mai Urdu yana iya ɗora tasa kalmar a kan wanda abin ya faɗa wa, Bahaushe kuwa ya bar tasa a hannun mai bi, wanda ake bin sai a ce ya shiga hannu, ko ya faɗa tarko, ko ya sha da ƙyar.